Ladanin da Ya Kira Magariba da Sauran Rana

Asibi mai koko ce ta fara kawo mini labarin gidan da aka kai Malam Sabitu. Ta same ni ina tsince wake, ta zauna ko bokitinta ba ta sauke daga kai ba, ta ce abin da idonta ya gani a unguwar Hédzranawoé ba ya faɗuwa a tsaye. Sauran daga bakin 'yarsa Kubura na ji, wani kuma a gabana aka yi. In na ƙara wani abu, Allah Ya yafe mini.

Malam Sabitu a tsohon Zongo aka yanke cibiyarsa, can cikin garin Lome. Ubansa Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo shi, ya ga teku ya ce tafiya ta ƙare. Shi Malam Sabitu ɗinkin hula ya koya, da shi ya ci da iyalinsa. Ladanci kuwa tun gemunsa bai gama fitowa ba ya karɓa, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a kai, ba wanda ya taɓa yanka masa albashi. Ranar Sallah a ba shi yadi, wata shekarar ma a manta.

Bai taɓa ɗaura agogo ba. Akwai wani dakalin ƙasa mai matakala huɗu a gefen masallaci, nan yake hawa. Azahar da La'asar inuwarsa yake aunawa da tafin ƙafa. Magariba kuwa akwai wani dogon sito mai rufin kwano can nesa ta yamma. In rana ta faɗa bayan wannan rufin, to ta faɗi ke nan, sai ya sa yatsu a kunne. Masu agogon Zongo da muryarsa suke gyara agogonsu.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Kafin salla sai ya zauna a bakin duron ruwa yana kallon alwalar yara. Duk wanda ya bar diddigensa a bushe sai ya mai da shi. A cikin yaran nan har da wani maraya, ɗan wani ɗan dako, ana ce masa Ɗan'auta. A gidan Malam Sabitu ya tashi, a kwano ɗaya yake ci da Kubura, matar Malam, marigayiya Mero, ita ke wanke masa riga. Shi ne yau Alhaji Boubacar, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa. Ku riƙe sunan nan.

A cikin 'ya'yan Malam, Kubura kaɗai ta rayu. Wake da shinkafa take sayarwa a ƙofar tashar jirgin ruwa, 'yan dako da direbobi su ne masu cin abincinta. Mijinta Muniru babbar mota yake ja zuwa Yamai, sai ya yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. 'Ya'ya huɗu, ga uba. Ita ce gidan.

Bayan rasuwar Mero gigin tsufa ya fara taɓa Malam, kaɗan kaɗan. Ya kira Kubura da sunan uwarta, ya ajiye allura ya yi ta nema tana maƙale a hularsa. Ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Sai shekarar da aka turo katafila aka rushe Zongo, aka kwashe mu aka zube a Togblékopé, cikin ciyawa da sauro. Lokacin ba a magana. Ko a ɗakinka za ka yi tsaki sai ka fara leƙa taga. Kowa ya kwashi kwanon rufinsa da ƙyaurensa ya hau mota, baki a rufe.

Malam Sabitu jikinsa ne kawai ya hau motar. Sau uku yana fita da ƙafa ya koma cikin gari, tafiyar da saurayi ma sai ya huta a hanya. Direbobin da suka san shi su tsince shi a tsaye a tsakiyar fili yana neman dakalinsa. Kubura ta je ta durƙusa gaban liman da dattawa, ta ce Baba ba kamar da ba ne, a haɗa shi da wani mai agogo ya riƙa tsayawa kusa da shi. Suka ce muryarsa albarka ce, kada a taɓa, mace ba ta san sha'anin masallaci ba. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwarta ta tafi.

Azumin farko a sabon Zongo, Alhaji Boubacar yana gina bene, yamma da masallaci, ko jifa ba ta kai ba. Ranar sha bakwai ga wata magina suka ɗora masa rufin kwano, sabo fil yana walƙiya. Da yamma Malam Sabitu ya fito da butarsa, ya hau bulon da aka jera masa a madadin dakali, ya dubi yamma. Ya ga rana ta faɗa bayan rufin kwano. Shekara arba'in abin da yake jira ke nan. Ya sa yatsu a kunne.

Da sauran rana kusan awa guda. Amma wa zai fita duba sama, alhali muryar Malam Sabitu ce? Mata a madafa suka kurɓi ruwa, tsofaffi a ɗaki suka kai koko baki, ni ma da nake ba ku labari na sha. Alhaji Boubacar yana zaune da baƙinsa, manyan 'yan kasuwa daga Yamai, agogon zinariya a hannunsa, sai da ya cinye dabino uku kafin ɗaya daga cikin baƙin ya nuna masa rana tana haska bango. Suka yi masa dariya, suka ce ashe Zongon Lome azumin rabin farashi ake yi.

Liman ya ce ba laifin kowa, a rama kwana ɗaya bayan Sallah, shi ke nan. Kwana ɗaya fa. Wace mace ce a cikinmu ba ta rama fiye da haka duk shekara? Amma an yi wa Alhaji dariya a gaban baƙi, kuma wannan ba ya ramuwa.

Aka kira taron maza. Kubura ta laɓe bayan zana tana ji. Ba wanda ya ambaci bene, ba wanda ya tuna ta taɓa zuwa ta roƙi a sa mai agogo. Alhaji ya ce shi abin da ya dame shi mutuncin Malam, kada wata rana mota ta take shi a hanya a ce Zongo ta yi sakaci. Ya ce akwai wani gida a bayan kasuwar Hédzranawoé, wani mutum da ya taɓa aiki a asibiti ya buɗe don tsofaffin da hankalinsu ya juya. Gado da katifa, abinci sau uku, likita duk mako. Jaka goma sha biyar ta kuɗin sefa a wata. Shi zai ba da rabi, sauran a cire daga abin da ake tarawa ranar Juma'a. Maza suka yi ta sa masa albarka.

Kubura ta ce ba ta yarda ba. Ta ce a Zongo ba a taɓa kai tsoho ajiya kamar buhun masara ba. Alhaji ya zo har gida, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma yana ce mata ƙanwata. Ya ce Malam ubansa ne shi ma, in dai yana numfashi ba za a rasa kuɗin nan ba. Muniru ya dawo daga tafiya ya ce ta karɓa. Gaskiyar da Kubura ba ta ɓoye wa kowa ita ce ta gaji. Tun asuba take kan murhu, tana zuba wa mutane abinci zuciyarta na gida, ko ya fita, ko ya faɗa rijiya. Ta haɗa masa kayansa da hannunta: riguna uku, buzunsa, tasbaha, da butarsa ta ƙarfe. A mota yana ta tambaya ko tsohon Zongo za a koma. Ta ce masa e. Har yau in ta tuna wannan e ɗin sai ta ajiye ludayi.

Ranar Lahadi kaɗai ake ziyara, bayan la'asar. Zuwan farko ta same shi a baranda kan kujera, an yi masa wanka, amma ba ta gane shi ba sai da ya yi tari. An aske masa gemu ƙwal. Ta tambayi mai gidan, wanda kowa ke ce wa Misye, ya ce dokar tsafta ce. Ta tambayi butarsa. Ya ce an ɗauke, don sau ashirin yake alwala a yini yana jiƙa musu daɓe, wata tsohuwa ta kusa zamewa. Ta ce to da me zai yi salla? Misye ya yi murmushi, ya ce Madam, mutumin da bai san sunansa ba, wace salla?

Ta ce a ranta ai yana cin abinci, yana kwana a katifa. Kuma abu ɗaya ya kwantar mata da hankali. Suna zaune sai ya miƙe ya sa yatsu a kunne ya yi kiran salla, ba lokacinta ba, amma muryar tana nan yadda take, har masu wucewa a titi suka tsaya. Bai san shekara ba, bai san gari ba, bai san jikokinsa ba. Wannan kaɗai ya rage masa, kuma Kubura ta ce in dai wannan yana nan, ubanta yana nan.

Wata uku ana biya. A na biyar ta je aka ce yana barci. Lahadi ta zagayo aka ce yana barci. Ta uku ma haka, aka karɓi tuwon da ta kawo aka rufe ƙofa.

Asibi tana kai koko kasuwar Hédzranawoé, ta bayan katangar gidan take bi. Da can kullum sai ta ji kiran salla daga ciki, da hantsi ko da tsakar rana, ta yi murmushi ta ce Malam na nan. Sai ta daina ji. Ran nan ta sauke bokitinta ta taka wani dutse ta leƙa. A bayan gidan akwai wata rumfar kwano kusa da makewayi, a nan ake mai da waɗanda danginsu suka daina biya. Mutum biyar ta gani a kan siminti, ba ko tabarma. Malam Sabitu yana jingine da turke, an ɗaure ƙafarsa da igiyar shanya, ga gajeren wando irin na 'yan makaranta, ga ƙudaje. Ta kira shi, bai ɗago ba. Matar da ke musu wanki, 'yar ƙabilar Mina ce mai tsoron Allah, ta matso ta gaya mata a hankali cewa masu ɗakunan gaba, waɗanda 'ya'yansu ke turo kuɗi daga Faransa, sun yi ƙorafin yana hana su hutawa, shi ya sa safe da yamma ake ɗura masa farar ƙwaya. Likita kuwa tun da ta fara aiki a gidan ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba.

Asibi ba ta sayar da koko ranar ba. Tashar jirgin ruwa ta wuce kai tsaye wurin Kubura.

Kubura ta bar tukunya a hannun maƙwabciyarta ta tafi. Misye bai ko musa ba. Ya ce wata biyu ba a kawo masa ko dala ba, ya aika wa Alhaji sau uku. Ya ce shi ba gwamnati ba ne, ba mishan ba ne, shinkafa da kuɗi yake saye. Ta ce to a ba ta ubanta. Ya ce in an biya.

Ta sami Alhaji Boubacar a zauren sabon benensa. Turamen atamfa ne jibge har rufi, duk iri ɗaya. An naɗa shi shugaban jam'iyya na unguwa, ga bikin gwamnati na watan Janairu ya matso, mata ɗari biyu zai yi wa anko su je su yi rawa a filin taro. Bai ce mata ƙanwata ba wannan karon. Ya ce ta san halin ƙasar nan, in Zongo ba ta fito da kyau ba za a ce ba ma goyon baya, kuma takardar izinin aikinsa a hannun hukuma take. Ta ce kuɗin Juma'a fa? Ya ce dattawa sun yanke a sayi lasifika, tun da yanzu ba ladan mai murya. Ya ce ai ba a ce har abada ba, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, ita ma ta taɓuka mana, ba ubanta ba ne?

Kubura ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Yaya Boubacar, tuwon uwata yana cikin wannan tumbin. Ni ban roƙe ku ku ɗauke shi ba. Kai ka zo har tabarmata. Da kun bar mini shi, da ko a kan tsumma yake kwana, da gemunsa."

Ya ce ta rage murya, akwai mutane. Ta ce ai mutanen take so su ji. Ya laluba aljihu ya miƙo mata jaka biyu, ya ce ta sha ruwa a hanya. Ta bar shi da hannu a miƙe.

Ta bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce sai an yi taro, wancan ya ce sai Alhaji ya sa baki, liman ya ce ta yi haƙuri, Allah Yana tare da masu haƙuri. Ta ce ta sani, Allah Ya gafarta Malam, amma igiyar ba a ƙafarta take ba, a ƙafar ubanta take. Wata maƙwabciya ta ce ta kai ƙara wurin jandarma. Ƙarar wa? Ƙarar shugaban jam'iyya, ana saura kwana goma biki?

Mero ta bar mata akwati guda na zannuwan atamfar Holan, goma sha ɗaya, waɗanda ta tara tun tana amarya, wasu ko ninkinsu ba a taɓa warwarewa ba. Kubura ta so ta raba wa 'ya'yanta mata ranar aurensu. Ta ɗaure su a kai ta shiga babbar kasuwa. Matan da ke sayen zani sun ga idonta, sun san tana cikin matsi, suka taya yadda suka ga dama. Ta sayar.

Da ta zube wa Misye kuɗin wata biyu, sai ya ce da saura. Akwai kuɗin ƙwaya, akwai kuɗin aski. Askin gemun da ba wanda ya sa shi. Ta ciro 'yan kunnenta ta ɗora a kai. Rigunansa uku ba a gan su ba, buzun ma haka. Matar wankin ce ta biyo ta har titi da butar ƙarfen a ɓoye cikin zaninta, ta ce ta adana ta ne tun ranar da aka ƙwace.

Ranar Juma'a ce. Kubura ba ta wuce da shi gida ba. Ta sa mai tasi ya tsaya a ƙofar masallaci ana cikin huɗuba, sabuwar lasifika tana ta ƙara. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a daidai inda ake ajiye takalma, ta zaunar da shi, ta rufa masa ɗan zani a cinya, amma ta bar ƙafar a buɗe, inda igiya ta ci nama. Ta ajiye butar a gabansa. Ta koma gefe ta tsaya.

Aka sallame. Duk wanda zai ɗauki takalminsa sai ya sunkuya a gaban Malam Sabitu. Wasu suka yi salati. Wasu suka ɗauki takalmin da ba nasu ba don sauri. Ɗaya daga cikin dattawan ya juya ya fita ta ƙofar baya ba takalmi. Alhaji Boubacar ya fito cikin babbar riga mai aiki, mutane a bayansa. Ba hanyar kaucewa. Ya tsuguna, ya ce sannu Baba, ya fara cusa masa kuɗi a hannu yadda kowa zai gani.

Malam Sabitu, wanda tun daga Hédzranawoé bai ce ko a ba, ya ɗago. Bai dubi kuɗin ba, ƙafar Alhaji ya duba. Muryarsa ta fito a shaƙe, amma na kusa duk sun ji.

"Ɗan'auta, diddigenka a bushe yake. Koma ka sake."

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya miƙe, kuɗin suka zube a kan takalman mutane, ya shige motarsa. Kubura ta goya ubanta a baya kamar jariri, don ba shi da nauyin da ya fi haka, ta ratsa tsakiyar maza da shi. Suka dare mata.

Bayan kwana biyu dattawa suka aiko da buhun shinkafa da sabuwar riga. Ta karɓi rigar don tsiraicin ubanta, ta mai da shinkafar. Alhaji bai sake taka ƙofarta ba. An yi bikin Janairu, matan Zongo sun fito da anko, an ce mun fi kowace unguwa kyau. Gidan Misye yana nan, Asibi ta ce har ya ƙara ɗakuna biyu a gaba. Mutum huɗun da ta gani tare da Malam a rumfar baya, ba ta san inda suka ƙare ba.

Kubura ta rasa wurinta a tashar jirgin ruwa, wata ta gaje shi. Yanzu a ƙofar gida take kafa tukunya, cinikin bai kai rabin na da ba, amma idonta na kan ubanta. Ciwon ƙafar ya warke, gemun ya fito fari tas. Tana cika masa butarsa sau nawa ya so, ya jiƙa tsakar gida yadda ya ga dama. Yana ce mata Mero, tana amsawa.

Kiran salla ne bai dawo ba. Ta kai shi wurin masu magani, ta yi masa rubutu, ta ba shi zuma da citta, shiru. Jiya da yamma na bi ta ƙofarsu na gan shi a kan tabarma, fuskarsa na yamma. Da rana ta faɗa bayan rufin benen Alhaji sai ya dafa bango ya miƙe, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Kubura ta ajiye ludayi, ta ɗaga wa masu sayen abinci hannu su yi shiru. Leɓunansa suna motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito. Ya kai ƙarshe, ya shafa fuska, ya zauna ya jawo butarsa.